Minti 15 Da Ba Na Kowa Ba: Yadda Ake Koyon Zama Da Zuciya

Farar kujerar roba ce, ƙafarta ɗaya ta tsage an ɗaure ta da waya. A kanta na yi mako 7 ina kwana a barandar asibiti lokacin jinyar mahaifiyata. Da rana hidima ba ta barin mutum ya ji kansa: a kira likita, a sayo magani, a amsa wayar 'yan'uwa. Amma daga ƙarfe 2 na dare zuwa 4 babu abin yi. Cajin waya ya ƙare, barci ya ƙi zuwa, ba motsin kowa sai wani inji da ke ƙara a cikin ɗaki. A nan na gano abin da ya ba ni kunya. Ina da shekara 46, na yi shekara 20 ina koyar da labarin ƙasa, na haddace sunayen koguna da duwatsun ƙasashen da ban taɓa takawa ba, amma in zauna ni kaɗai da kaina na minti 10 ya gagare ni. Sai in ji kamar ƙaiƙayi ya kama ni a inda hannu ba ya kaiwa.

Ta rasu, Allah ya jiƙanta. Jama'a suka watse, gida ya koma yadda yake, amma idona bai daina buɗewa ƙarfe 2 ba. Da na gaji da juyi a kan gado, sai na fara fita tsakar gida ina zama. Yau shekara 6 ke nan. Abin da na koya a wannan zaman, da inda na yi tuntuɓe, shi zan shimfiɗa a nan.

Bari in share fage tukuna. Ban zo da sabon addini ba, ba ni da ɗariƙa, ba ni da mabiya, kuma ba na nema. Mai wurin ibadarsa ya riƙe abinsa, wannan zaman ba ya maye gurbin komai. Wanda kuma shakka ta kama shi, ko ya ja jiki daga jama'ar da ya taso a cikinta saboda wani dalili nasa, ni ba zan tambaye shi dalili ba. Abin da na sani shi ne kowane mutum yana da wani lungu a cikinsa da limami ba ya shiga, fasto ba ya shiga, matarsa ma ba ta shiga. Masanin halayyar ɗan Adam William James, a laccocin da ya gabatar a Edinbara ta Sikotland a 1901 da 1902, ajiye maganar ƙungiyoyi da gine-gine ya yi gefe, ya ce shi abin da mutum ke ji da abin da yake aikatawa a kaɗaicinsa zai duba. A 2023 cibiyar bincike ta Pew ta samu cewa kashi 22 cikin 100 na manya a Amurka suna cikin masu kula da sha'anin ruhi ba tare da ɗaukar kansu masu addini ba. Ni laƙabin bai dame ni ba. Lungun nan ne ya dame ni, da yadda ake share shi idan babu mai riƙe maka fitila.

Lokaci, wuri, da kujera

Ka zaɓi minti 15, kada ka ƙara. Kuskurena na farko ke nan: na ce awa guda zan riƙa yi, na yi kwana 4, a na 5 na ji na tsani abin. A 2014 wasu masu bincike ƙarƙashin Timothy Wilson na Jami'ar Virginia sun bar mutane su kaɗai a ɗaki, ba waya ba littafi, na minti 6 zuwa 15. A wani sashe na gwajin an ajiye musu maɓallin da in sun danna wutar lantarki za ta ɗan ja su. Maza 12 cikin 18 da mata 6 cikin 24 sun danna da hannunsu, alhali a baya sun ce za su iya biyan kuɗi don kada a sake jan su. Ranar da na karanta wannan na yi dariya har da ƙwalla, don na ga kaina a kan farar kujera. Idan zaman ya yi maka wuya, ba kai kaɗai ba ne.

Ka jingina lokacin da wani abu da dama kake yi kullum: da zarar ka wanke fuska da safe, ko da zarar ka kulle ƙofa da dare. "Idan na samu sarari" ba lokaci ba ne, sararin ba zai zo ba. Ni yanzu na dawo da nawa gab da wayewar gari, kafin yara su tashi.

Wuri ɗaya, kujera ɗaya. Ba sai ka tanƙwashe ƙafa irin na hotunan da ake gani a intanet ba, ba sai da turare ko wata riga ta musamman ba. Ka zauna, tafin ƙafa a ƙasa, baya a miƙe ba tare da ka sandare ba, hannu a kan cinya. Idan rufe ido yana kawo maka gyangyaɗi, ka bar shi a buɗe kaɗan, ka sauke shi a ƙasa taku biyu a gabanka. Waya kuwa a bar ta a wani ɗaki. Kada ka ce da ita za ka auna lokaci. Na gwada, kafin in ankara ina karanta saƙon da ya shigo tun jiya. Ƙaramin agogo mai ƙararrawa ya wadatar.

Abin da za ka yi in ka zauna

Ka ƙirga numfashi. Duk fitar iska, lamba ɗaya, daga 1 zuwa 10, sannan ka koma 1. Kada ka ja shi da ƙarfi, kada ka gyara shi, ka bar shi yadda ya zo. Babban mutum da ke hutawa yakan yi numfashi 12 zuwa 20 a minti, ke nan a zama ɗaya kana da wajen 200 ko fiye. Wanda yake da wata kalma ko wani suna mai tsarki a wurinsa yana iya sa ta a madadin lamba.

Ba za ka kai 10 ba. A makon farko da ƙyar nake wuce 4. Ina 3 sai in tsinci kaina ina rigima da wani abokin aiki a kan maganar da aka yi shekara 2 da suka wuce, har na shirya masa amsar da ban ba shi ba a lokacin. Wani bincike na Jami'ar Harvard a 2010, da ya bi mutum 2,250 ta wayoyinsu yana tambayarsu abin da suke tunani a daidai wannan lokacin, ya nuna kusan kashi 47 cikin 100 na lokutan hankalinsu ba ya kan abin da suke yi. Haka zuciya take, akuya ce mai tsinke igiya. Da ka lura ta tafi, ka kamo ta ba duka ba zagi, ka koma 1. Wannan kamowar ita ce aikin. Wanda ya kamo ta sau 30 a zama ɗaya ya yi aiki sau 30.

Ranar da ƙirgen ya ƙi sam, ina komawa ga kunne. In nemi sautin da ya fi kowanne nisa, wata mota can a babban titi, in tsaya a kansa, sannan wanda ya fi shi kusa, har in iso ga ƙarar numfashina.

Yanzu ga abin da ba wanda ya gaya mini. Akwai gwajin da nake yi wa ɗalibai duk shekara idan muka zo darasin ire-iren ƙasa. A ɗebo ƙasa a zuba a kwalba, a cika da ruwa, a girgiza sosai, a ajiye a kan taga. Tsakuwa da yashi cikin minti 1 ko 2 sun kwanta. Laka mai laushi tana ɗaukar awanni. Yumɓu kuwa, wanda ƙwayoyinsa suka fi kowanne ƙanƙanta, sai ya kwana ɗaya, biyu, wani lokaci fiye, ruwan na nan da duhunsa. Yara sukan ƙosa su girgiza kwalbar su ga ko wani abu ya canja, sai a koma farko.

Haka zaman nan yake tafiya. Makonnin farko yashi ne: bashin da ba ka biya ba, wayar da ba ka mayar ba, takardar da ka manta. Don su nake ajiye 'yar takarda da biro a gefe. In abu ya nace, in rubuta kalma ɗaya in koma ƙirge. Bayan su sai tsofaffin rigingimu da ɓacin rai. Yumɓun shi ne ƙarshe, kuma shi ne dalilin da ya sa tun farko ba ka son zama.

Nawa ya ɗauki wata 4 kafin ya bayyana. Wani dare a asibiti mahaifiyata ta kira ni sau 3 a jere, a gyara matashi, a ɗaga ta, a sake kwantar da ita. A na ukun na ce, "Haba Inna, ki bari in ɗan runtsa mana." Ba ta ce komai ba. Ba ta sake kirana ba a daren. Kwana 9 bayan nan ta cika. Na binne wannan maganar har na ɗauka na manta, sai ga ta da asuba, ina lamba 6, da muryata da komai.

In naka ya taso, kada ka tashi, kada ka kuma shiga yi wa kanka shari'a. Ka kira abin da sunansa a zuci, a gajarce: wannan nadama ce, wannan tsoro ne, wannan hassada ce. Ka lura da inda yake zaune a jiki, maƙogwaro ko ƙirji ko ciki. In kuka ya zo ka bar shi. In ƙararrawa ta buga ka tashi ka shiga harkarka. Gobe zai dawo, jibi ma haka, amma kowace dawowa da ɗan sauƙi. Nawa bai tafi ba har yau. Ya dai daina shaƙe ni.

Littafin dare

Zaman safe shi kaɗai yana iya mai da mutum mai shiru kawai, kuma shiru ba shi ne kirki ba. Shi ya sa nake haɗa shi da hisabin dare. Wannan tsohuwar hanya ce da mutane daban-daban suka bi. Seneka, masanin falsafa na Rum da ya mutu a shekara ta 65 miladiyya, ya ba da labarin cewa in an ɗauke fitila, matarsa ta yi shiru don ta san halinsa, sai ya bi yininsa kaf, abin da ya faɗa da abin da ya aikata, ba ya ɓoye wa kansa komai. Markus Awreliyus, wanda ya mulki daular Rum daga 161 zuwa 180, ya riƙa rubuta wa kansa gargaɗi da harshen Girka, ba don wani ya karanta ba. A Bagadaza kuma an yi Harisu ɗan Asad, wanda ya rasu a 857, da yawan yi wa kansa hisabi ya sa laƙabin Al-Muhasibi ya bi shi har ya danne sunansa.

Ka sami ƙaramin littafin rubutu, mai araha, wanda ba za ka ji tausayin ɓata shi ba. Tambayoyina 3 ne, kai kana iya yanka naka:

Wa na ɓata wa rai yau?
Me na samu yau wanda ba ƙoƙarina ya kawo shi ba?
Wace ƙarya na yi wa kaina?

Layi 5 ya isa. Dokar farko, a rubuta abin da ya faru, da mutum da wuri. "Ina da saurin fushi" ba hisabi ba ne, kirari ne. "Na katse M. sau biyu yana magana a ofis don in nuna na fi shi sani" shi ne hisabi. Doka ta biyu, laifin wani ba ya shiga littafin. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma za ka yi mamakin yadda biro ke karkata can da kansa. Na taɓa duba shafukan wata guda na tarar rabinsu ƙarar shugaban wurin aikina nake kaiwa wurin kaina. Doka ta uku, duk laifin da ka rubuta ka sa masa aiki ɗaya ƙarami na gobe a gefensa: in kira shi, in mayar da kuɗin, in yi shiru in ya fara magana. In babu wannan, littafin zai koma bulala, kuma mai dukan kansa kowane dare ba ya gyaruwa, gajiya yake yi ya daina.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi ba ni wuya da farko, yanzu ita na fi so. Wani ya matsa mini a mota. Ciwon bayan da na kwanta da shi ya tafi. 'Yata ta ajiye mini ruwa ban roƙa ba. Wanda ya yi imani da Mahalicci ya san inda zai kai godiyar. Wanda bai tabbatar ba ya rubuta abin dai, godiyar ta tsaya a takarda, ba ta lalacewa.

Sama

Sau ɗaya a mako ina musanya kujera da tabarma in kwanta ina kallon sama. A nan malamin labarin ƙasa ne ke magana, ku yi mini uzuri. Ka kashe fitilu, ka ba ido minti 20 zuwa 30 ya saba da duhu. Kallon waya sau ɗaya yana rushe wannan. Ka fara da wata. Ka bi shi zagaye guda, kwana 29 da rabi, kana lura da yadda kullum yake makarar fitowa da kimanin minti 50. Zara da muke kira matar wata ba tauraruwa ba ce irin sauran, duniya ce mai zagaya rana kamar tamu, hasken rana take mayarwa. Hasken ranar kansa minti 8 da daƙiƙa 20 yake yi a hanya kafin ya iso mu. Kaza da 'ya'yanta kuwa, hasken da ke shiga idonka daren yau ya baro su sama da shekara 400 da suka wuce. In wurin da kake yana da duhu sosai, akwai wani ɗan dusu-dusu da ido ke iya kamawa, tarin taurarin Andromeda, wanda haskensa ya yi shekara miliyan 2 da rabi yana tafe.

Ba zan gaya maka abin da za ka fahimta daga wannan ba. Na san wanda ya kalla imaninsa ya ƙaru, na san wanda ya kalla tambayoyinsa suka ƙaru. Ni abin da yake yi mini ƙarami ne: rigimar da na fito da ita takan koma daidai girmanta.

Me ka yarda da shi da gaske

Bayan wata 6 ko fiye, ka ware wani yammaci ka raba shafi biyu. A dama ka rubuta abubuwan da kake cewa ka yi imani da su, ko game da Allah, ko mutuwa, ko adalci, ko abin da ya sa kake raye. A hagu ka rubuta inda lokacinka da kuɗinka suka tafi a watan da ya wuce. Sannan ka karanta su tare. Ni na rubuta a dama cewa zumunci ya fi dukiya, hagu kuma ta nuna na yi darasin ƙarin kuɗi sau 16, ban taka gidan ɗan'uwa ko sau ɗaya ba.

Abin da ka ga ba ka da tabbas a kansa, ka sa masa alamar tambaya ka bar shi a buɗe. Ba dole ba ne ka rufe kowace tambaya a bana. Imam Gazali yana kan ganiyar ɗaukakarsa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza lokacin da abin ya taso masa a 1095, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi, likitoci suka ce ciwon daga zuciya yake. Ya bar kujerar, ya tafi Dimashƙu da Ƙudus, ya yi wajen shekara 10 a keɓe. Abin da mutane ke mantawa shi ne ya dawo ya ci gaba da koyarwa a Naisabur a 1106. Marubucin Amurka Henry Thoreau ma, da ake yawan ambata a kan zaman daji, bukkar da ya zauna a bakin tafkin Walden daga 1845 zuwa 1847 ba ta kai tafiyar awa ɗaya a ƙafa daga garinsu ba, kuma yana shiga gari a kai a kai. Don haka kada wani ya ce maka sai ka bar iyali da aiki.

Inda ramin yake

Wannan sashen shi ne dalilin da ya sa na ɗauki biro. Mai ibada cikin jama'a, in ya karkace, akwai na kusa da shi da zai taɓa shi. Mai zama shi kaɗai ba shi da wannan. Shi ne ɗalibi, shi ne malami, shi ne mai duba jarrabawa, kuma na daɗe a aji na san irin makin da ɗalibi ke ba kansa.

A shekarata ta biyu na fara jin na zama wani abu. Ina kallon masu gaggawa a titi ina tausaya musu, ina jin hirar abokaina ta yi mini ƙanƙanta. Wata safiya ina zaune, 'yata ƙarama, lokacin tana da shekara 7, ta turo ƙofa da littafinta a hannu.

"Baba, ka sa mini hannu, malama ta ce..."

Ban bari ta ƙarasa ba. Na daka mata tsawar da ta sa littafin ya faɗi. "Ba ki ga ina neman natsuwa ba?"

Ta tsince shi ta fita a guje. Uwarta tana bakin ƙofa, ta ga komai. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Malam, in natsuwar ke nan, da ka bar mana hayaniyarka ta da. Ita mun san yadda muke yi da ita."

Na yi kwana 3 ina jin haushin maganar, a na 4 na rubuta ta a bangon littafina, tana nan har yau. Tun daga ranar ma'aunina ɗaya ne: mutanen da ke kwana gida ɗaya da ni, sun fi samun sauƙin zama da ni ko sun fi shan wuya? Daɗin da na ji a zaune, hasken da na gani, hawayen da na zubar, duk ba sa shiga lissafi. Kuma in yaro ya turo ƙofa yanzu, zaman ya ƙare, in sa hannu.

Saboda haka ka nemi shaida, mutum ɗaya wanda ba ka burge shi. Mata ko miji, ƙane, tsohon aboki da ya san ka tun ba ka iya wanke hanci ba. Ba sai ka yi masa bayanin abin da kake yi ba. Duk wata ɗaya ko biyu ka tambaye shi, "Kwanan nan yaya ka ga halina?" Sannan ka rufe baki, kada ka kare kanka.

Rami na biyu mutane ne. Mai nema shi kaɗai nama ne ga masu farauta, kuma yanzu intanet ta cika da su. Ka guji duk wanda ya ce shi kaɗai ke da sirrin, ko kuɗin darasinsa ke hawa mataki-mataki, ko ya fara nuna maka danginka ne ke tare maka hanya, ko ya ce ka ɓoye abin da kuke yi, ko ka ajiye maganin da likita ya ba ka. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ka tattara takalmanka. Mutum sama da 900 da suka mutu a Jonestown ta ƙasar Gayana a 1978 ba wawaye ba ne, masu neman ma'ana ne kamar ni da kai. Haka gawarwaki sama da 400 da aka tono a dajin Shakahola na Kenya tun daga 2023, mutanen da aka sa su ƙaurace wa abinci har mutuwa.

Rami na uku lafiya ce. Zaman shiru ba ruwan sanyi ba ne ga kowa. Masu bincike a Jami'ar Brown ta Amurka sun wallafa wani nazari a 2017 a kan wahalhalun da wasu masu irin wannan zaman suka shiga, har da firgici, rashin barci, da jin kamar mutum ya rabu da jikinsa. In ka ga barci ya ƙaurace maka dare da yawa a jere, ko kana jin muryoyi, ko ka fara jin an zaɓe ka da wani saƙo na musamman ga duniya, ko wani tsohon tashin hankali yana dawo maka kamar yanzu yake faruwa, ka dakatar da zaman ka ga likita. Haka in baƙin ciki ya hana ka ci da aiki na makonni, ko tunanin kashe kai ya fara zuwa. Kujera ba ta maganin wannan, kuma zuwa asibiti ba gazawar ruhi ba ce.

In ka yi fashi

Za ka yi. Wani nazari da aka yi a Landan, wanda Phillippa Lally ta jagoranta, ya samu cewa sabon hali yakan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Ni na taɓa barin abin wata 5 cur, ba wani dalili sai lalaci. Ranar da na dawo ban yi wa kaina wa'azi ba, na jawo kujera na fara daga 1.

Ka kuma sani yawancin zaman ba abin da ke faruwa a cikinsa. Cikin 10, wataƙila ɗaya ne za ka tashi ka ji wani sanyi a rai. Sauran ƙirge ne da ɓacewa da sauro. Kada ka yi ta ba mutane labari. Abin yana da kunya, yawan faɗarsa yana kore shi, kuma yana jawo gardamar da ba ka da bukata. In an tambaye ka me kake yi a waje da sassafe, "ina ɗan shan iska" amsa ce, kuma gaskiya ce.

Littattafan hisabi kuwa, kada ka tara su inda wani zai tsinta bayan ranka. Ni a ƙarshen kowace shekara nakan zauna in karanta na shekarar daga farko zuwa ƙarshe, in ƙirga harafin sunan da ya fi yawan fitowa a ƙarƙashin tambayar farko, in cire bangon da maganar uwargida ke kai in manna a sabo, sauran in ƙona. A karatun da ya wuce harafi ɗaya ya fito sau 31. Ƙanena ne, wanda muka yi saɓani a kan kuɗin jinyar Inna, muka koma gaisuwar saƙon waya kawai. Sau 31 na rubuta "in kira shi gobe" a gefe.

Takardun suna ci da wuta na shiga ɗaki na ɗauko wayar. Ta yi ƙara sau 5 kafin ya ɗauka, da muryar barci.

"Yaya? Lafiya da sassafe haka?"

"Lafiya lau," na ce. "Kana gida ranar Asabar?"